Sandar Gorar Dakta Kihara

A cikin dukan dattawan da suka yi wa gwamnati hidima suka dawo gida suka zauna a gefen kogin Mathioya, ba a taɓa samun wanda ya kai Kihara wa Gatimu sanin darajar kansa ba. Iyakar aikin da ya yi a duniya shi ne yi wa shanu allura, amma tun ranar da ya ajiye sirinji bai ƙara amsa wani suna ba sai Dakta, jama'a kuwa, domin a zauna lafiya, suka bar masa. Ya mallaki kwat mai ruwan toka, da hula mai baki, da wani baƙin keke da gwamnati ta sallame shi da shi, wanda yakan goge kowace safiya kafin ya gaisa da iyalinsa.

Al'amarin ya faro ne lokacin da 'yarsa Wacuka ta aiko daga Nairobi cewa iyayen saurayinta Okoth za su zo gaisuwar farko a ƙarshen wata. Mutanen Kisumu ne, 'yan bakin tafki. Nyakio, matar Dakta, ta yi farin ciki matuƙa, ta ƙara wa tauren da take kiwo dusa, gama kowa ya san ba a karɓar surukai sai an kayar musu da taure, kuma gidan da ya kasa yin haka ya jawo wa 'yarsa raini tun ba ta shiga ɗaki ba.

Da a ce Dakta ya yi kwana biyu bai leƙa rumfar shayi ta bakin kasuwa ba, da komai ya tafi daidai. Amma ya leƙa, ya kuma tarar da maƙwabcinsa Thumbi, mutumin da ba shi da wata sana'a da ta wuce tsokanarsa.

"Dakta, barka da arziki," in ji Thumbi, yana tsoma burodi a shayi. "An ce surukan nan naka ko saniya ka yanka musu, in ba su ga kifi ba sai su ce da yunwa suka kwana. To me za ka ba su, kai da ko layin masu kifi ba ka wucewa sai ka toshe hanci?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Gaskiya ne mu mutanen tudu kakanninmu sun ɗauki kifi a matsayin ƙanin maciji, har gobe kuma akwai tsofaffin da ba su yarda a sa shi a tukunyarsu ba. Akwai dai wani kifi mai ɗige-ɗige da Turawa suka zuba a kogin tun zamanin da, wanda ake kira tirawut, amma baƙi ne daga birni suke zuwa kamunsa da dogayen sanduna. Su kama, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa, abin da ya tabbatar wa kowa cewa ko masu kamun nasa ba sa iya cinsa.

Dakta ya ajiye kofinsa a hankali, ya gyara zaman hula.

"Thumbi, matsalarka ƙarancin karatu. Kifin tafki ai na kowa da kowa ne, da taru ake kwasarsa kamar shara. Ni kifin manya zan ba surukaina, daga kogin da ke ƙasan gonata, wanda na kama da hannuna, a gaban idonsu."

"Ka taɓa kamawa?"

"Ni da na yi wa mahaukacin bijimi allura ni kaɗai, ba igiya ba mai riƙewa? Kifi ne zai gagare ni? Abin da ko ƙafa ba shi da ita?"

"To tauren fa?"

"Taure tsohon yayi ne. In kana so, biya ka ja abinka."

Thumbi bai bari maganar ta huce ba. Kafin Nyakio ta dawo daga tsinkar ganyen shayi, taure ya koma bayan shingen maƙwabci, a daidai inda ake hango shi daga ƙofar madafinta, shi kuwa Dakta yana cikin mota ya nufi Nanyuki da kuɗin a aljihu.

A can, a wani shagon tsofaffin kaya, ya ga abin da ya je nema, wato sandar kamun kifi. Mai shago ya zaro ta daga cikin bututun fata, gaɓa biyu. Gora ce aka tsaga gida shida, aka fere, aka manne, aka ɗaure da jan zaren siliki, aka shafe da man sheƙi har tana ɗaukar ido kamar zuma a kwalba. Kanta kuwa bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Aka haɗa masa da ƙwarƙwaron naɗe zare, da wani ɗan gwangwani cike da ƙudajen ƙarya, wato ƙananan ƙugiyoyi da aka ɗaura wa gashin tsuntsu domin kifi ya zaci ƙwaro ne ya faɗo ruwa.

"Kada a jingina ta a bango," in ji mai shago, "kada kuma a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Sannan kafin ka haɗa gaɓoɓin, ka goga bakin ƙarfen nan na mahaɗarsu a gefen hancinka. Maiƙon wurin ne ke sa ta zare da sauƙi."

"Hancina?" in ji Dakta. "Kai dai ba ka san da wa kake magana ba. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba a man juye da fuskata."

Ya iso gida da yamma, maƙwabta na biye da shi don ganin ƙwaƙwaf. Ya sa aka fito da tebur tsakar gida, ya shimfiɗa masa farin ƙyalle, ya kwantar da sandar a kai kamar jaririya. Nyakio ta fito daga madafi riƙe da muciya.

"Baban Wacuka, ina taurena?"

"Ga shi nan," in ji shi, yana nuna tebur da buɗaɗɗen hannu.

Ta sunkuya ta duba tun daga kai har gindi.

"Wannan gora ce."

"Uwar Wacuka, iya bakinki. Daga ƙasar Sin aka saro ta, aka kai ta Ingila a jirgin ruwa, wani gwani ya shekara yana..."

"Gora ce. Da irinta muka yi shingen kaji. Tsaunin nan na bayanmu cike yake da ita, ko kyauta ba mai so. Tamu ma ta fi ta ƙiba."

"A yi mata uzuri," in ji Thumbi daga bayan shinge, "wahalar tafiya ce ta ramar da ita. Dakta, ko in ɗan ɗebo mata dusa?"

Taure ya yi kuka a bayansa, kamar mai goyon baya.

Domin ya rufe bakin jahilai, Dakta ya ɗauki gaɓoɓin nan biyu ya cusa ɗaya cikin ɗaya da dukan ƙarfinsa, ba tare da ya wulaƙanta hancinsa ba. Sanda ta miƙe, ta fi shi tsawo da rabi, ya kaɗa ta a sama tana rawa, har wasu suka tafa. Da aka gama kallo ya zo raba ta, ta ce ba ta san zancen ba. Ya ja, ya murɗa, ya sa ta a bayan gwiwa ya ja, ta ƙi. Ta ƙofa kuma ba ta iya karya kwana zuwa ɗakin kwana, saboda haka sai ta taga aka zura ta. Tun da an hana jingina ta a bango, sai ya rataye ta da igiya biyu daga taga zuwa bakin ƙofa, ya zama duk mai shiga ɗakin sai ya rusuna.

"Ko mahaifiyarka ban rusuna mata haka ba," in ji Nyakio.

Washegari aka fara koyon jifa a ƙofar gida. Hikimar wannan kamu, kamar yadda Dakta ya bayyana wa duk wanda ya tsaya, ita ce a kaɗa zaren baya, a kaɗa shi gaba, sannan a sauke ƙudan a kan ruwa a hankali kamar ya faɗo da kansa. A bayani dai babu wanda ya fi shi. Jifan farko ya kama bishiyar fiya. Na biyu ya kama zanen Nyakio a kan igiyar shanya ya kai shi rufin ɗaki. Ana cikin haka matan coci suka zo wucewa daga koyon waƙa, shugabarsu Maman Gathoni tana gaba, mace mai jiki da kwarjini wadda ko limamin cocin yake shakkarta. Dakta ya ga dama ta nuna gwaninta ta samu, ya ƙara wa zaren tsawo. Ɗankwalin Maman Gathoni ya tashi daga kanta, ya yi shawagi a sama, ya sauka a ƙahon saniya.

"Kihara!" ta daka masa tsawa, ba ko Dakta. "Da tsufanka kake tuɓe wa matan mutane ɗankwali a hanya?"

"Ki yi haƙuri, iska ce ta juya."

"Iskar da ke cikin kanka dai!"

Bai karaya ba. Ya jira suka wuce, ya tattara hankalinsa, ya kaɗa baya, ya kaɗa gaba da ƙarfi, sai ga shi yana tsalle da ƙafa ɗaya yana kiran sunan matarsa. Ƙugiya ta shige masa kunne. Nyakio ta zaunar da shi a kan turmi, ta ɗauko filayar da yake huda kunnen shanu da ita a da.

"Ka ga yau ka kama babba," in ji ta. "To, in ɗauki hoto ne in mayar da kai ruwa?"

Kafin mako ya zagayo, ƙudajen gwangwani sun ƙare sarai. Yawancinsu suna saman bishiyar fiya, wadda ta yi ado kamar amarya. Dakta ya zauna ya yi tunani irin na masu ilimi: ƙudan nan ba komai ba ne illa ƙugiya da gashin tsuntsu. Ƙugiya ana samu a kasuwa. Gashi kuwa, ga zakaran Thumbi nan yana shigowa gidansa kullum yana cin tsabarsa ba izini, da wani gashin wuya mai ruwan zinariya.

Da azahar Thumbi ya shigo, zakara a hammata, wuyansa fayau kamar yatsa.

"Dakta, zakarana ya fita da kwalarsa, ya dawo ba kwala."

"Wataƙila ƙuma ce. Kawo shi in duba, ba zan caje ka ba."

"Ƙumar da ke sanye da kwat? Ga gashin nan a aljihunka yana leƙe! Kaji sun ƙi kula shi, tun ɗazu yake ɓuya a bayan rumbu don kunya."

"Haba Thumbi, gashi ai yana sake tsirowa."

"Haka aka gaya maka lokacin da naka ya zube?"

Dakta ya ƙara danna hularsa a kan sanƙonsa.

Ƙudajen da ya ɗaura da hannunsa sun fito manya, kowanne ya kai ɗan tsako. Ya ce da gangan ya yi, domin babban kifi ba ya tashi don ƙaramin abu. Ya sauka kogi da su, masu tsinkar ganyen shayi suka ajiye kwanduna suka jeru a kan gangara suna kallo kyauta. Duk lokacin da ya yi jifa, ƙudan yakan faɗa ruwa da ƙara kamar an yar da takalmi, kifayen da ke wurin su watse, su kai wa na gaba labari. Rana ɗaya kaɗai wani abu ya kai wa ƙudansa cafka, shi ma daga sama ya zo: shirwa ce ta zaci ɗan tsako ne, ta sure shi, Dakta ya bi ta da gudu cikin gonar shayi, sanda a sama, yana roƙonta, masu kallo suna ihu suna cewa ya bi ta har gida. Ranar ya dawo ba takalmi ɗaya.

Ana saura kwana kaɗan baƙi su zo, Wacuka ta iso daga birni. Ta rusuna wa sandar ta shiga ɗaki, ta fito ta dubi tauren da ke bayan shingen Thumbi, ta zauna kusa da mahaifinta.

"Baba, don Allah. Mahaifin Okoth mutum ne mai lura da komai, ba ya magana amma ba abin da ke wuce shi. In suka zo suka tarar ba taure ba kifi, da wane ido zan dube su? Sai su ce gidanmu ba a ɗauke su a bakin komai ba."

"'Yata, kwantar da hankalinki. Kifin nan ni na ƙyale shi da gangan, ina so ya ƙara ƙiba."

Haka dai bakinsa ya faɗa. Ya dubi idon yarinyar ya ga ƙwalla, ya kuma san ko shekara zai yi a bakin kogin nan ba abin da zai kama sai mura. A nan ne wata dabara ta faɗo masa, wadda ya yi mamakin yadda ba ta zo wa kowa ba tun da aka fara kamun kifi a duniya.

Ana gobe taro ya tafi kasuwar Murang'a, hula a kan hanci, buhu a hammata, ya shiga layin masu kifi yana numfashi ta baki.

"Baba, wane iri kake so?" in ji wata mai kifi 'yar bakin tafki.

"Au, iri-iri ne?"

Ta dube shi, ta dubi kwat ɗinsa.

"Ba ni wanda ya fi kowanne girma," in ji shi.

Ta tono masa wani daga ƙarƙashin ƙanƙara, tsawonsa ya kai ƙafar mutum, mai ƙaton baki, ta zura masa igiya ta kunne don ya ji daɗin ɗauka. Dakta ya ga an tsaga cikin, amma bai ga abin damuwa ba, domin a saninsa haka cikin kifi yake. Abu ɗaya ne ya dame shi a hanya: ya tuna tirawut yana da ɗige-ɗige, wannan kuwa fari ne sol. Mai ilimi ba ya rasa mafita. A cikin tsohuwar jakarsa ta aiki akwai sauran jan fentin da ake shafa wa saniya a gadon baya don a san an yi mata allura. Ya shiga bayan rumbu, ya tsoma yatsa, ya yi wa kifi ɗige-ɗige ciki da bai, a jere, kyawawa, waɗanda suka fi na ainihi tsari.

Da sassafe, hazo bai tashi ba, ya sauka kogi. Ya soka ƙugiya a leɓen kifin, ya tura shi ƙarƙashin wani dutse a gurbi mai zurfi, ya ja zaren zuwa gaɓa, ya kwantar da sandar cikin ciyawa. Ya dawo gida yana fito.

Da hantsi baƙi suka iso. Owiti, mahaifin Okoth, dogon dattijo ne mai furfura da sanyin magana, tare da matarsa da 'yan rakiya. Aka gaisa, aka sha shayi, aka tambayi lafiyar hanya da ta ruwan sama. Idon baƙi ya ɗan zagaya tsakar gida yana neman inda hayaƙin gashi ke tashi, bai gani ba, ladabi kuma ya hana su tambaya. Sai Dakta ya miƙe, ya gyara kwat.

"Surukaina masu daraja, na san ku mutanen ruwa ne. A gidan nan ba ma ba baƙo abin da ya kwana. Ku biyo ni, abincinku yana nan yana iyo."

Aka ɗunguma zuwa kogi, baƙi a gaba, rabin ƙauye a baya, har da Maman Gathoni da ta ɗaure ɗankwalinta tamau a ƙarƙashin haɓa. Nyakio ce kaɗai ba a gani ba. Da aka kusa, Dakta ya ɗaga hannu.

"Kowa ya tsaya nan bayan shukar shayi. Kifin nan ko tari aka yi yana ji. Thumbi, kai musamman, rufe bakinka."

Ya kwanta rub-da-ciki ya ja jiki cikin ciyawa, har ya kai ga sandarsa. Ya miƙe tsaye, ya kaɗa hannu sama sau biyu don cika ƙa'ida, sannan ya ƙwala ihu.

"Ya ci! Ya ci! Kowa ya ja baya!"

Ba a taɓa ganin kokawa irin ta ranar ba. Dakta ya yi gudu hagu, ya yi gudu dama, ya durƙusa, ya miƙe, yana bayar da labari da bakinsa. "Ga shi zai gudu! Ina za ka? Ka san da wa kake yi? Kai, wannan ya fi bijimi taurin kai!" Shi kuwa kifi yana kwance ƙarƙashin dutse, bai ce komai ba. Da Dakta ya ga jama'a sun ƙoshi da kallo, sai ya ja zaren da gaske. Kifi ya sulluɓo daga maɓoyarsa ya faɗa tsakiyar igiyar ruwa, tsagaggen cikinsa ya buɗe ya cika da ruwa kamar buhu, kogi ya ja shi ƙasa. A karo na farko tun da aka saye ta, sandar ta ji nauyin kifi. Ta lanƙwasa, ta ƙara lanƙwasawa, kanta ya kusa sumbatar gindinta. Yanzu ihun Dakta na gaskiya ne.

Ƙas!

Gaɓar da ta ƙi rabuwa da lallashi ta rabu da kanta, a wani wuri dabam. Dakta ya dubi guntun da ke hannunsa, ya dubi abincin surukansa yana tafiya, ya tuna idon 'yarsa, ya faɗa kogin da kwat da hula. Ruwan Mathioya daga kan tsauni yake saukowa, sanyinsa har cikin haƙori. Ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa, hula ta kama hanyarta, daga ƙarshe ya rarrafo gaɓa rungume da kifi a ƙirji kamar uwa da ɗanta.

Mata suka rangaɗa guɗa. Maza suka tafa. Ba wanda ya taɓa ganin kifi mai wannan girma ya fito daga kogin nan, har Thumbi ya saki baki. Dakta ya taka da ƙasaita, haƙoransa na kaɗawa, ya ajiye kifin a gaban Owiti.

"Suruki, ga ɗan abin da ya samu. Ƙaraminsu ne, manyan sun tafi kiwo."

Owiti ya daɗe yana duban kifin. Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa, ta sa bakin mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa.

"Suruki," in ji Owiti a hankali, "me kuka ce sunan wannan kifin a nan?"

"Tirawut. Ba ka ga ɗige-ɗigen ba?"

Kowa ya sunkuya. Babu ɗigo ko ɗaya a jikin kifin. Sai aka ɗago aka dubi Dakta, aka ga gaban kwat ɗinsa, tun daga wuya har ciki, ya yi jajayen ɗige-ɗige a jere.

"Jama'a," in ji Thumbi, wanda bakinsa ya dawo, "ashe Dakta ne tirawut ɗin!"

Owiti ya sa yatsa a igiyar da ke kunnen kifin ya ɗaga shi, ya buɗe cikin, ya leƙa kamar mai neman wani abu da ya ɓace.

"Giwan ruwa ne," in ji shi. "Ɗan garinmu ne, daga tafkinmu. Ban san ya riga mu tasowa ba, da mun rage masa hanya a mota. Ga shi ya hawo tsauni shi kaɗai, har ya ajiye hanjinsa a hanya don ya rage kaya."

"Ɗaurin igiyar ma irin na matan bakin tafkinmu ne," in ji matarsa da ƙyar.

"Tsorona ne ya sa ya amayar da kayan cikinsa," in ji Dakta. "Suna yin haka. Yana cikin littattafai."

"Da wuƙa ya yi aman?" in ji Thumbi.

Dariyar da aka yi a bakin kogin nan, masu tsinkar shayi na ƙetare sun ji ta. Maman Gathoni ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Wacuka ta rufe fuska da tafin hannu, Okoth yana duban takalmansa. Dakta ya tsaya ruwa na zuba daga jikinsa, sanƙonsa a fili.

Sai iska ta kawo wani ƙamshi daga tudu, ƙamshin da ko mai mura ba ya ɓata shi. Nyakio ta bayyana a kan gangara, hannu a ƙugu.

"In an gama wanka, baƙi su taho. Nama ya gasu."

"Wane nama?" in ji Dakta.

"Taurena. A gidan Thumbi aka gasa shi tun safe."

"Da me kika fanso shi?"

Ta nuna wajen shukar shayi da haɓa. Thumbi ne ya sa hannu a bayan shukar shayi, ya jawo wani baƙin keke mai sheƙi, ya haye, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu.

"Ka iya goge abu, Dakta," in ji shi. "Kamar sabo."

Owiti ya cire babbar rigar sanyinsa ya yafa wa Dakta a kafaɗa.

"Suruki, na sha zuwa neman aure, an karɓe ni da shanu, an karɓe ni da kaɗe-kaɗe, amma ban taɓa ganin wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara da kwat saboda cikina ba. 'Yar gidan nan muna so, ba fashi. Sai dai kifin nan ba za a bar shi ya yi doguwar tafiya a banza ba. Matata za ta dafa shi irin na gida. A wurinmu kuwa, wanda ya kama kifi shi ke cin kai."

Haka aka yi. Aka ci taure har aka suɗe ƙashi, aka tsayar da ranar dawowa, Wacuka tana zuba wa baƙi ruwan wanke hannu tana murmushi. Sannan matar Owiti ta fito da faranti ta ajiye a gaban maigida, da tuwon masara a gefe. Kan giwan ruwa ya cika farantin, baki a buɗe. Dakta ya dubi kifi, kifi ya dubi Dakta.

"Fara da idon, suruki," in ji Owiti. "Nan daɗin yake."

Dakta ya rufe nasa idon, ya haɗiye na kifi, ya riƙe bakin tebur har abin ya wuce. Ya share ƙwalla da bayan hannu.

"Ba laifi," in ji shi da wata siririyar murya. "Amma wanda na saba ci ya fi wannan gishiri."

Guntayen sandar suna nan har yau a gonar waken Nyakio, a tsaye, jan silikinsu na sheƙi, wake ya nannaɗe su har kai. Baƙo yakan tsaya ya tambayi wace irin sanda ce wannan mai kyau haka. Dakta yakan gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya fara daga ƙasar Sin, ya shiga jirgin ruwa ya nufi Ingila. Bai taɓa isa ba, domin kafin jirgin ya kai gaɓa murya takan fito daga madafi.

"Gora ce."